Ƙwan Baffa Milon

Daga gidan Marvelle, ƙarshen tsinkar inabi

Zuwa ga 'yata Aveline,

Bayan gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ɗan jaririn nan da har yau ban ɗora a cinyata ba. Yaya ƙarfin jiki? Yaya sanyin garin naku da kike ta kuka da shi? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji, in ban da ƙafar mahaifinki da ta sake kumbura. Kin dai san halinsa, in ƙafarsa ta kumbura duk gidan sai ya yi ɗingishi.

Inabi ya yi kyau bana, matan ƙauye sun tattake shi suna waƙa har ƙafafunsu suka rine. Tuffa kuwa ta yi yawan da har aladu sun fara yi mata yanga. An kora su daji su yi ƙiba kafin yanka. Mahaifinki ya zauna shari'a a gindin bishiyar ƙofar gida, mutum biyu suna jayayya a kan taron ƙudan zuma da ya tashi daga gonar wannan ya sauka a ta wancan. Ya saurare su tun safe har rana ta take, sannan ya yanke cewa zumar ta Konte ce, wato tasa, shi mai ƙasar. Duka biyun suka tafi suna gode masa, don kowa ya ji daɗi ɗan'uwansa bai samu ba.

Kin rubuto cewa mijinki ya yi ta dariya da kika ba shi labarin ƙwan Pontarel, wai tatsuniyar masu reno ce. To ki zaunar da shi ki karanta masa wannan, ki ce daga bakin surukarsa ne. Tun zamanin kakan mahaifinki, duk wanda Konten Marvelle ya ba riƙon Pontarel, da gonakinta da lambunanta da maniƙar da ruwan kogi ke juyawa, ba a neman komai a hannunsa sai ƙwai ɗaya a shekara. Amma ba a aljihu ake kawo ƙwan ba. Ranar Waliyyi Martin ake ɗora shi bisa matashi a kan keken shanu, fararen bijimai huɗu suna ja. Daga gicciyen da ke gindin tudu kowa zai ja da baya. Mai Pontarel shi kaɗai zai shige gaban shanun a ƙasa, ba mai taɓa shi, ba mai taɓa dabbobin, ya hau tudu, ya haye gadar katakon da ke kan ramin ganuwa, ya sa ƙwan a tafin Konte kafin ƙararrawar tsakar rana. Sannan ya durƙusa, ya sa hannuwansa cikin na Konte, ya yi caffa. An ce cikin maye tsohon ya ƙirƙiro abin. Ni da na zauna da jikansa shekara da shekaru ban ga dalilin musantawa ba.

Kin kuma san tun kina goye mahaifinki da ƙaninsa, Baffanki Milon mai riƙon Pontarel, ba sa ga maciji, a kan aladen dajin nan da aka samu mashi biyu a jikinsa, kowa ya ce nasa ne ya kashe. An cinye alade, an manta ɗanɗanonsa, su kuwa suna nan a kai. Ranar ƙwai kaɗai suke haɗuwa, su yi caffa, su sumbaci juna yadda al'ada ta ce, sannan su zauna cin dinya suna zagin juna har a kwashe akusa. Ni da faccalata Hersende mun daɗe da daina shiga tsakani. Mun lura duk shekarar da zagin ya fi zafi, sun fi komawa gida da ƙoshin lafiya.

Abin da ba ki sani ba shi ne na bara, don an riga an kai ki. Ana tsakar cin abinci Baffanki ya ce a gaban baƙi, "Yaya, mashinka fa a wutsiya aka same shi, ita ma wutsiyar sai da alade ya mutu ka iya samunta." Zaure ya ɗauki dariya. Mahaifinki ya miƙe, ya sa aka ɗauko akwatin azurfar nan mai ƙashin yatsan waliyyi, ya dafa shi, ya rantse cewa duk shekarar da ƙwan ya makara ko ya fashe, Pontarel ta zama ta sufayen cocin da ke kwari har abada. Uba Renier, shugaban sufayen, yana zaune da cinyar dinya a hannu. Ko ajiye ta bai yi ba ya ce amin.

Washegari na ce masa, "Ranka ya daɗe, jiya fa ka kyautar da gidan ƙaninka." Ya ce, "Helvise, shekara nawa yana kawo ƙwan nan bai fasa ba? Ƙeta ma ba za ta bar shi ya fasa ba." Rantsuwa a kan ƙashin waliyyi kuwa ba ta warwaruwa. Ya sani, na sani, Uba Renier ya fi mu sani.

Na kawo miki zancen ne don makon jiya labari ya zo cewa ɗaya daga cikin fararen bijiman Baffanki ya ci ɗanyar ciyawa, ciki ya kumbura ya mutu, farin bijimi kuma ba a hanya ake tsintarsa ba. Mahaifinki ya bugi tebur yana dariya, ya ce bana sai dai Milon ya shafa wa jaki farar ƙasa. Ba a jima ba sai ga makiyayinmu, wai babban farin bijiminmu ya ɓata, an bar shingen da ke kallon Pontarel a buɗe. Mutumin da kan tayar da gari a kan ɗan tsako sai cewa ya yi, "Dabba ce, ta ga hanya ta bi. Jeka abinka." Na dubi takalmansa na hawa a bakin ƙofa, ga su caɓa-caɓa da taɓo, alhali wai ƙafa ta hana shi saukowa daga bene. Na dai sa aka wanke su.

Ga cuku nan da 'yar hular da na saƙa wa yaro. In ta yi masa kaɗan, kan danginku ya ɗauko. Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki. Uwa Maryamu ta tsare mini ku.

Mahaifiyarki,
Helvise

Daga Marvelle, ana kaɗe ganye

'Yata Aveline,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ta hannun fatakin ulu, na ji daɗi da yaro ya fara gane muryarki. Ina fatan tarin da kika ce yana damun mijinki ya sake shi. Wannan takardar da hannuna na rubuta, ban kira malamin coci ba, kuma ita kada ki karanta wa kowa.

Na je Pontarel kai wa Hersende zuma kamar yadda nake yi kowace kaka. Na tarar da Baffanki zaune a ƙofar gida yana shan hantsi. Na sauka daga doki, na tako har gabansa, ya ɗago ya dube ni sosai ya ce, "Ke, je ki ce wa uwargijiyarki an yi baƙi." Ya ɗauka baiwar gidan ce. Sai da na ce, "Milon, yau ni ake aika?" sannan ya zabura ya wayance da dariya. "Matar Yaya, ke ce? Har yanzu kina haƙuri da tsohon nan? Na sha gaya miki ƙofata a buɗe take." Na ce ai ƙofar tasa ma sai an gyara. Muka yi wasanmu yadda muka saba, amma na ga idanun. Wata yana ce ta rufe su, fari fat, kamar an ɗiga madara a ruwa.

Hersende ta ja ni ɗakin cuku ta rufe ƙofa ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Tun bara abin ya fara, bana ya ƙarasa. Yana bambanta rana da dare, yana ganin giftawar mutum, iyakarta ke nan. A cikin gidansa ba za ki gane ba, don ya san kowane lungu. Amma gadarmu, Aveline. Kin san ta, faɗin keke ce da ɗan ƙari, ba ta da abin dafawa, ramin ƙasanta kuma ya shanye mutum a kan doki. Ba shi da ɗa namijin da zai miƙa wa riƙon, sai 'yan'uwanki mata uku da ba a aurar da ko ɗaya ba. In Pontarel ta tafi, da me za a kai su, kuma ina za su kwana?

Na fito na ce masa zan gaya wa mahaifinki. Ya laluba ya kama hannun rigata. Ya ce, "Ki gaya masa ya yi me? Ya haɗiye rantsuwar? In sufaye suka ji, ido za su zuba mini kamar kyanwa a bakin rami. In Yaya ya ji kuwa, tausayina zai ji. Gara mini ramin ganuwa da tausayin Yaya." Bai sake ni ba sai da na dafa gicciyen wuyana na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa a ƙasar Marvelle ba. Ke kina wata ƙasa, shi ya sa nake sauke miki.

Kada ki ɗauka zaman makoki suke yi, gidan nan ba su iya shi ba. Hersende ta shimfiɗa igiya biyu a masussuka, daidai faɗin gadarmu, kullum da safe yana jan shanun a tsakani, 'yan matan suna gefe suna kallon ƙafar keke. In ta taka igiya sai su yi guɗa su ce Baba ya faɗa ruwa. Ƙaramar ta ce mini, "Inna, yau sau biyu kawai ya mutu kafin abincin rana, jiya kuwa har mun gaji da binne shi." Shi ma dariyar yake yi, yana cewa igiyar ce ke matsowa. Ni ma na yi dariyar.

Bijiminmu yana nan cikinsu, ya yi ɓul-ɓul. Baffanki ya shafa bayansa yana yaba mini, wai Hersende ta saya wurin wani mai wucewa, ta iya zaɓe. Wannan fa mutumin da da, daga wancan tudun zai hango saniya ya gaya miki garken da ta fito da wanda ya haifi uwarta. Na ce lallai ta iya zaɓe.

Na dawo gida na tarar da mahaifinki yana horar da sabon shahonsa, yana waƙa da muryar nan tasa mai firgita kaji. Ya tambaye ni ko na ga jakin da aka shafa wa farar ƙasa. Ban taɓa jin nauyin alkawari irin na ranar ba. Ki sa a kunna mana kyandir a cocinku.

Ki sumbaci yaro. Ina gaida kowa.

Mahaifiyarki,
Helvise

Daga Marvelle, washegarin bikin Dukan Waliyyai

Aveline 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina gaida mutan gidanki, da fatan sanyin nan bai taɓa yaro ba. Ki riƙa sa masa hular ko da ta matse. Mai kai takardar yana tsaye da doki a ƙofa, don haka a gurguje.

Na gwada abin da zan iya. Na gayyaci Uba Renier, na sa aka gasa masa kifin tafki da tantabaru, na bari sai da ya sassauta ɗamara, sannan na ce in ya saki maganar Pontarel zan ba sufaye fadamar da na zo da ita daga gidanmu, da kakin zumar kyandir muddin raina. Ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Uwargida, da ni aka yi wa alkawarin, da kafin ki rufe baki na yafe. To waliyyi aka yi wa, ni ɗan aike ne." Ɗan aiken kuwa an gan shi sau da yawa yana zagaya maniƙar Pontarel yana gyaɗa kai. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, sai dai yana da bakuna da yawa da yake ciyarwa, nasa a gaba.

Na kira masassaƙi ya sa wa gada abin dafawa. Ya ce in an sa ba za ta ɗagu ba ranar da aka kawo hari, kuma sai da izinin Konte. Konte ya ce gadar da ta ishi kakansa ta ishi kowa, me ya same ni da gada bana? Na ce tsufa.

Shi kuma wani abu ya shige shi. Kullum sai ya tambayi mai gadi ko an zo da saƙo daga Pontarel. Ran nan a kan abinci ya kasa daurewa. Ya ce, "Helvise, bijimina yana turken mutumin nan tun ana tsinkar inabi. Ko ya maido shi da baƙar magana, ko ya riƙe ya aiko da baƙar magana. Shiru fa? Milon?" Na ce wataƙila ya yi hankali. Ya ce, "A gidanmu ba a yi." Ya jima yana juya cokali, sannan ya ce, "Da kika je, yaya kika gan shi?" Na ce lafiya lau, bakinsa na nan yadda ka san shi. Ya ce, "Ba bakinsa na tambaye ki ba." Na sunkuya a kan akushina ban ɗago ba. Ya dube ni, ya dube ni, ya tashi ya fita bai gama ci ba, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka kawo mana hari.

Tun ranar bai ƙara yi mini zancen ba. Sai dai masu wanki sun ce da sassafe suna ganinsa a kan gada shi kaɗai, yana tafiya da baya da baya kamar mai jan akuya, da kumburarriyar ƙafar nan. Ga ƙane ba ido, ga wa ya fara taɓuwa. Ni Helvise na ga ta kaina. Tsoro nake ji, 'yata, ba zan ɓoye miki ba.

An fara ɗure dinyoyin biki. Ki ci gaba da addu'a.

Mahaifiyarki,
Helvise

Daga Marvelle, washegarin Waliyyi Martin

Zuwa ga Aveline, sanyin idona,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da maigidanki da jikana, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke. Na san idonki zai yi tsalle zuwa ƙasan takarda. Kada ki kuskura. Ki bi ni a hankali, yadda ni ma aka wahalar da ni.

An kwana ana yayyafi, gari ya waye katakon gada yana sheƙi. Mutanen ƙauyuka suka cika tudu tun da hantsi, har da masu goyo, don labarin rantsuwar ba wanda bai ji ba. Uba Renier ya zo da sufayensa, ya tsayar da ɗaya a gindin igiyar ƙararrawa. Na aika wa sufin da ruwan inabi mai zafi ko hannunsa zai yi nauyi, ya shanye ya aiko da godiya, ya ƙara riƙe igiyar.

Can sai ga su. Baffanki cikin jar alkyabbarsa, kai a sama, fararen shanu huɗu an wanke su tas, ƙwai a kan matashi kamar ɗan sarki. A gindin gicciye kowa ya ja da baya. Hersende da 'yan matan suka zagayo suka tsaya kusa da ni a bakin ƙofa. Hawan tudun bai ba shi wuya ba, don akwai katanga a gefe, yana jan sandar korarsa a jikinta kamar da wasa. Inda katanga ta ƙare, nan gada ta fara. Nan ya tsaya. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya ɗaga ƙafa ya nufi inda ba katako.

Kin san bisa al'ada Konte yana zaune ne a kujerarsa a tsakar gida har ƙwai ya same shi. Na waiga, kujera ba kowa. Sai ga mahaifinki ya ratsa ta gabana yana ɗingishi, ya haye gada har ƙarshenta, ya tsaya gaban ƙaninsa, ya ɗaga murya.

"Uba Renier, a rantsuwar da na yi, na ce ba zan zagi ƙanena a ƙofar gidana ba?"

"Ba ka ce ba, ranka ya daɗe."

"Madalla. Kai Milon, tsayuwar me kake yi kamar an dasa ka? Ƙwan kaza ka kawo bana ko na ƙadangare? Na bara da na fasa, ɗan tsakon ciki ya girme ka. Taho nan ka maimaita mini maganar wutsiya in ka isa."

Na ga Baffanki ya mayar da ƙafarsa. Fuskarsa ta juyo ta tsaya daidai inda muryar take. Ya ce, "Yaya, ai ba sai na maimaita ba, yaran ƙasar nan duk sun haddace." Ya tako, shanu suka biyo shi. Mahaifinki ya ja da baya taku ɗaya, fuskarsa na kallon ƙaninsa. A nan na gane abin da masu wanki suka gani, na gane kuma ya sani.

Haka suka shiga gadar, wa yana baya da baya a tsakiyar katako yana zuba zagi, ƙane yana bin zagin yana ramawa.

"Kai da tuntuɓe ka yi mashin ya suɓuce maka."

"Tuntuɓen nawa ya fi saitinka."

"Wa ya hau bishiya da alade ya juyo?"

"Na hau ne in hango inda ka gudu."

Jama'a suna ta dariya, su a ganinsu abin kowace shekara ne ya fito waje. Ni kuwa Hersende ta kafa mini farce a dantse, har yanzu shaidar na nan.

A tsakiyar gada ƙafar keke ta baya ta zame a kan jiƙaƙƙen katako, rabinta ya leƙa rami. Mutane suka ja numfashi gaba ɗaya. Baffanki ya ji su, ya ƙame, bai san ta wane gefe abin yake ba. Ƙwai ya gangara ya tsaya a bakin matashi. Sai mahaifinki ya sauke murya, yadda mu na bakin ƙofa kaɗai muka ji. Ya ce, "Kada ka ji su, ni za ka ji. Jawo su dama kaɗan. Kaɗan. Haka. Ina gabanka, ƙanena, ba inda za ni." Ƙafar keke ta hau. Nan take ya koma ihu: "Ragon banza, ko shanu ba ka iya kora ba."

Suka shigo tsakar gida. Mahaifinki, da yake bai yi wa nan ɗin horo ba, ya ci karo da kwamin ruwan dawaki ta baya, ya zauna daɓas a cikin taɓo. Bai fasa zagin ba. Baffanki ya bi bayan bijimi da hannu har keke, ya laluba ya ɗauko ƙwai, ya juyo, ya saurara, ya ji murya daga ƙasa take fitowa.

"Yaya, gajarcewa ka yi?"

"Zama na yi. Gidana ne."

Ya durƙusa nan cikin taɓon, ya sa ƙwan a tafin yayansa. Mahaifinki ya ɗaga shi sama kowa ya gani, lafiyayye, ko tsaga babu. Tudu ya ɗauki sowa, 'yan matan suka rungume uwarsu, ni kuwa na zauna a kan dakali. Sai da aka ɗan jima sannan ƙararrawa ta buga.

Uba Renier ya matso ya karɓi ƙwan, ya ɗaga shi a haske ya juya, ya dubi idanun Baffanki, ya dubi mahaifinki a cikin taɓo. Ba wawa ba ne, ya gane komai. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya taɓa shanu. Sai baɗi, ranka ya daɗe." Mahaifinki ya ce, "Baɗi ma maƙogwarona na nan." Da ya zo wucewa ta gabana, Uban ya ce mini a hankali, "Uwargida, ni ma ina da ƙane." Na yafe masa tantabaruna.

Saura caffa. Aka kawo kujera, mahaifinki ya ce a bar ta, a nan za a yi. Baffanki ya sa hannuwansa cikin nasa, ya faɗi kalmomin, suka sumbaci juna. A nan ake tashi a tafi cin dinya. Mahaifinki bai saki hannuwan ba.

Baffanki ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Sanin me? Ni zagi na fito yi."

Sai Baffanki ya ce, "Yaya, rabona da ganin fuskarka sosai har na manta. Ka tsufa?"

Mahaifinki, Konten Marvelle, a gaban talakawansa da sufaye da masu goyo, ya tuɓe hularsa ya jefar, ya kamo hannun ƙaninsa ya ɗora a kansa. Baffanki ya shafa ya ce, "Ashe gashin duk ya tafi." Mahaifinki ya ce, "Duk. Gemun dai na nan." Hannun ya sauko a hankali, ya bi goshi, ya bi hanci, ya jima a kan idanun da suka jiƙe. Ya shafa gemun har ƙarshensa.

Ya ce, "Yaya, ka koma Baba sak."

Aveline, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin an yi wa mahaifinki magana ya rasa amsa ba sai jiya. Sai ya jawo kan ƙaninsa ya kifa a ƙirjinsa, suka zauna haka cikin taɓo, dinya tana hucewa a zaure, ba wanda ya ce su tashi.

Hersende da 'yan'uwanki suna gaishe ki, duk suna nan tare da mu. Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan jikana. Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Helvise